Kafin a Ɗinka wa Sojan Sararin Samaniya Kaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan wata magana da nake yawan ji a bakin samarinmu masu karatu da masu sharhin tsaro a rediyo. Wai tunda Amurka ta ware wa sararin samaniya runduna ta musamman, mu ma ya kamata mu kafa tamu, ta zama ta huɗu bayan sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Ni dai ban taɓa sa kaki ba. Aikin safiyo na yi har na ajiye, awon filaye da zanen taswira, kuma a nan ne na ci abinci da tauraron ɗan'adam tun kafin ya shiga wayar kowa. Da ɗan wannan sani nake cewa ba mu kai ga wannan runduna ba tukuna, kuma in aka kafa ta yanzu ɓarnarta za ta fi amfaninta.

Sai dai ba na tare da masu mayar da zancen abin dariya. A majalisarmu ta bayan la'asar akwai wani Alhaji, ɗan Kantin Kwari, da zarar an ambaci wannan harka sai ya ce, "Malam, ku kawo mana wuta tukuna, sama ta Allah ce." Na ce masa ai ƙasa ma ta Allah ce, amma hakan bai hana shi sa maigadi a shagonsa ba. Shi kansa da tauraron yake kwana yake tashi bai sani ba. Motar da ta ɗauko masa atamfa daga Legas, a wayarsa yake bin ta har ta shigo gari. Farantin da ke kan rufinsa, wanda yake kallon ɗawafi da shi, tauraro yake fuskanta. Hasashen damina da manoman ƙauyensu ke saurare a rediyo, da hotunan taurari ake haɗa shi. Kano ma ba baƙuwar harkar ba ce. Lokacin da Amurkawa ke shirin tura mutum ya kewaya duniya, hukumarsu ta NASA ta kafa tashoshin bin sawun kumbo a wurare ƙalilan, ɗaya a nan Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 ɗan sama jannatinsu John Glenn ya ratsa ta samanmu yana magana da ma'aikatan wannan tasha. A Agusta 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy suka yi waya ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka gaisa ta wannan hanya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu son rundunar, ni na gan ta da idona a bakin aiki. A da, in za mu auna gona a wajen Kura ko Dawakin Kudu, sai mun nemo turken siminti na gwamnati wanda aka san lambarsa, mu kafa na'urar hange a kan ƙafafunta uku, mu yi ta jan awo daga turke zuwa turke. Yaro yana riƙe da sanda a gaba, wani yana sare ƙaya, rana tana dukan kowa. Da na'urar GPS ta hannu, mai nuna inda kake tsaye ta hanyar tauraro, ta fara shigowa mun yi murna, amma sai ka tsaya wuri ɗaya cik, lambobin suna ta yawo: yanzu ta nuna ka a gonar maƙwabci, an jima ta nuna ka a tsakiyar kwalta. Ba lalacewa ta yi ba. Taurarin GPS na sojan Amurka ne, kuma da gangan suke gurɓata abin da farar hula ke samu, har kuskuren kan kai mita 100. A watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya ba da umarni a daina, dare ɗaya kuskuren ya ragu kusan ninki goma. Muka ji daɗi ƙwarai. Amma wanda ya buɗe da sa hannu ɗaya, ai da sa hannu ɗaya zai rufe in ya ga dama. Abin da ya sa ke nan Rasha ke riƙe da nata GLONASS, Turai ta yi Galileo, Sin ta yi BeiDou. Duk wanda ya ce ƙasa ba ta bukatar ido da kunne na kanta a sama bai san inda aka kwana ba.

To amma bukatar ido a sama daban, bukatar sabuwar runduna daban, kuma a nan ne nake ganin samarinmu suna haɗa abu biyu.

Mu duba waɗanda ake son mu kwaikwaya. Ranar 20 ga Disamba 2019 Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ta kafa rundunar sararin samaniyar Amurka, ta zama ta shida a rundunoninsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin ya daɗe da riga sunan. Tun 1982 sojan samansu ke da babban sashe mai kula da taurari, ya yi shekara 37 yana aiki kafin a ba shi tutarsa. Ko yanzu ma rundunar tana ƙarƙashin ma'aikatar sojan sama, sakatare ɗaya ke kula da su biyun. Shi kansa sojan saman nasu sai 1947 aka raba shi da sojan ƙasa, bayan jirage sun yi yaƙin duniya har biyu. Kuma suna da abin tsarewa: taurarin GPS wajen 30, da masu hango tashin makami mai linzami tun daga zafin wutarsa, da na sadarwar soja. Abokan hamayyarsu sun nuna za su iya kakkaɓo tauraro. Sin ta farfasa wani tsohon tauraronta na yanayi a Janairu 2007, ta bar ɓaraguzai sama da 3,000 suna yawo. Indiya ta gwada nata a Maris 2019. Rasha ta yi a Nuwamba 2021, har sai da 'yan sama jannatin da ke tashar ƙasa da ƙasa suka shige kumbunansu suka fake. Ita ma Amurkar ta yi a 1985 da 2008, kada a ce na ɓoye. Kuɗin da wannan runduna ta Amurka ta ci a 2024 ya kusa dala biliyan 30. Kasafin Gwamnatin Tarayya na 2025 gaba ɗaya, naira tiriliyan 54.99, wanda za a yi albashi da asibiti da makaranta da biyan bashi da shi, in ka juya shi zuwa dala da kaɗan ya ɗara haka.

Galibin sauran manyan ba su bi wannan hanya ba. Faransa ta buɗe sashen sararin samaniya a cikin sojan samanta a 2019, daga baya ta ƙara kalmar a sunan rundunar. Birtaniya ta yi cibiyar haɗin gwiwa a 2021. Rasha kuwa tana da runduna ta daban a da, a 2015 ta haɗe ta da sojan sama.

Mu kuma me muke da shi a can? An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. A Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha, wani kamfanin Surrey a Ingila ya ƙera shi. Ya yi aiki har ya wuce wa'adinsa, yana cikin taurarin farko da suka aiko da hoton ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, kuma wannan abin alfahari ne. A Mayu 2007 aka harba na sadarwa, NigComSat-1, daga Xichang ta Sin, ya mutu a Nuwamba 2008. A lura, ba abokin gaba ne ya harbe shi ba, faifan da ke tara masa hasken rana ne ya samu matsala, wuta ta ƙare masa. Aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011, wanda aka ƙera don ya yi shekara 15. A Agusta 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Yasny ta Rasha, na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Surrey. NigeriaSat-2 shekara 7 aka yanka masa. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tashi daga ƙasar Nijeriya ko a kan rokar Nijeriya. Haɗarin da ke gaban taurarinmu tsufa ne da rashin magaji, kuma sabon kaki ba ya maganin wannan.

Sannan ba a ce soja ba su da hannu a harkar ba. Akwai Hukumar Sararin Samaniya ta Tsaro, DSA, wadda doka ta tabbatar a zamanin marigayi Shugaba Buhari, hafsoshin ƙasa da na ruwa da na sama suna aiki tare a cikinta. Sashe na 217 na kundin tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya damar ƙara wani reshe a rundunonin ƙasa, don haka ƙofar a buɗe take duk ranar da bukata ta taso. Tambayar ita ce ko ta taso.

Na san abin da ke ran mutane. Bayan an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairu 2021, kowa ya riƙa tambaya ina taurarin da aka ce muna da su. Jama'a sun ɗauka tauraro kyamara ce da aka rataye a saman dajin Rugu tana kallo dare da rana. Ba haka abin yake ba. Mai ɗaukar hoto irin NigeriaSat-2 yana tafiya ne a nisan kilomita wajen 700, yana kewaya duniya cikin abin da bai kai minti 100 ba. Da hantsi yake ratsa mu, cikin 'yan mintoci ya wuce, kuma kafin ya sake samun wannan wurin sai an kwana biyu. Ɗigo ɗaya a mafi kyawun hotonsa faɗin mita biyu da rabi ne a ƙasa. Za ka ga gida, za ka ga tirela, ba za ka bambance mutum da kututture ba, balle babur a ƙarƙashin inuwar ɗorawa. Da daddare ba ya gani, su kuwa 'yan bindiga da daddare suke tafiya. Da damina girgije ya rufe, da hunturu hazo ya dusashe hoton. Shi kuma na sadarwa, wanda ke tsaye wuri ɗaya a nisan kilomita kusan 36,000, ba hoto yake ɗauka ba, saƙo yake kaiwa.

Duk da haka yana da amfani babba ga wanda ya iya karanta shi. Ka jera hoton watan jiya da na wannan watan, za ka ga sabuwar burtali ta bayyana inda babu, ka ga an share fili a tsakiyar daji, ka ga ramukan haƙar zinare sun ƙaru, ka ga ƙauyen da aka ƙone da gonakin da aka daina nomawa. Akwai kuma taurari masu amfani da rada, waɗanda girgije da duhu ba sa hana su gani, kuma irinsu ne suka dace da daminarmu. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. In hoto ya sauka a Abuja ranar Litinin, bai isa hannun kyaftin ɗin da ke bakin dajin Falgore ko Kamuku ba sai Juma'a, labari ya zama tarihi. Tsakanin saukar hoto da isarsa hannun mai bindiga, a nan duk matsalarmu take.

Na ɗanɗana irin wannan a aikin farar hula. Wata shekara bayan ruwa ya yi ɓarna a wasu unguwanni, aka sa mu gano hanyoyin ruwan da gine-gine suka toshe. Muka rubuta wa wani ofishin gwamnati muna neman hotunan sama. Takarda ta tafi, aka ce a kawo wata takardar, aka ce oga ya yi tafiya, har damina ta fita. Wani yaro mai bautar ƙasa a wajenmu, labarin ƙasa ya karanta a jami'a, shi ya zauna da tsohuwar kwamfutarsa ya sauko da hotunan taurarin Landsat na Amurka da Sentinel na Turai, waɗanda kyauta ake ba kowa. Ya jera na shekarun baya da na bana, ya sa yatsa ya nuna mana inda rafi ke bi a da, da layin gidajen da aka dasa a kansa. Kafin a kira magariba ya gama. Yaron nan yanzu gilashin waya yake canzawa a Farm Centre. Irinsa muke bukata ɗari-ɗari a cikin rundunoninmu, kuma ba sai an yi sabuwar doka za a ɗauke su ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa, Malam Edita, shi ne ƙarin katanga tsakanin rundunoni. Ba mu manta da Tudun Biri ba, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi ya saki bam a kan masu Maulidi, hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, Allah ya ji ƙansu. Da gari ya waye sojan sama suka fito suka ce ba su ba ne, daga baya aka ji jirgin na sojan ƙasa ne. Ido a sama ya ga taron mutane sarai. Wanda ya karanta abin da idon ya gani ne ya kuskure, kuma babu wanda ya tare kuskuren kafin a danna. Rundunoni uku ba su gama sabawa da cin abinci a kwano ɗaya ba, kowa yana son jirginsa da bayanansa da kasonsa. A ƙaro ta huɗu, wadda ita ce za ta riƙe hotunan, sai mai bukatar hoto ya rubuta wa shugabansa, shugabansa ya rubuta wa hedikwata, hedikwata ta rubuta wa wata hedikwatar. Mun san halinmu. Sabuwar runduna tana nufin sabon babban hafsa da ayarin motocinsa, da hedikwata a Abuja, da bariki, da makarantar horo, da 'yan badujala, da kwangilar ɗinkin kaki. Kafin a zo kan kuɗin tauraro an cinye rabin kason.

Harin da ake kai wa harkar taurari a zamanin nan ma galibi a ƙasa yake sauka. Ranar 24 ga Fabrairu 2022, da Rasha ta shiga Yukiren, ba tauraron kamfanin Viasat aka harba ba, kutse aka yi ta kwamfuta aka kashe dubban na'urorin karɓar saƙonsa, abin har ya shafi injinan wutar iska a Jamus. Mu kuma ranar da muka fi jin jiki ita ce 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, 'yan POS suka yi ta ba mutane haƙuri. Maganin irin wannan shi ne injiniyoyi da hanyar ko-ta-kwana. Ta fuskar doka kuma, Nijeriya tana cikin yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda ta hana ajiye makaman nukiliya a falaki. Ƙasar da taurarinta ba su cika yatsun hannu biyu ba, ribarta tana cikin a hana faɗa a can, domin ɓaraguzan da manya suka watsa ba sa tambayar tauraron wa za su buga.

Akwai hujja ɗaya da na yarda tana da nauyi. Matashin hafsan da aka tura aikin tauraro yakan ga tsaransa matuƙan jirgi da kwamandojin bataliya suna ƙara anini a kafaɗa, shi yana zaune gaban kwamfuta an manta da shi. Sai ya nemi a mai da shi inda ya fito, ko ya ajiye aikin ya tafi ƙasar waje da ilimin da aka kashe kuɗi aka ba shi. A Amurka ma wannan yana cikin ƙorafin da ya kawo rabuwar. Amma gyaran wannan bai fi ƙarfin Hedikwatar Tsaro ba. A shata wa masu wannan fanni hanyar ƙarin girma tasu a cikin rundunonin da ake da su, wanda ya ƙware a karatun hoto ya san zai iya kaiwa janar ba tare da ya bar fanninsa ba.

Da za a ji ta tawa, kuɗin da za a kashe wajen kafa runduna a sa shi a DSA da NASRDA, a tilasta musu aiki tare. A sayi tauraro mai rada, a kuma fara shirin magajin kowane tauraro tun ranar da aka harba shi, ba sai ya fara shure-shure ba. Kafin namu su samu, ba abin kunya ba ne a sayi hoto a wajen kamfanonin da ke sayarwa, Amurka ma da duk arzikinta tana saya. Abu mafi muhimmanci, kowace rundunar haɗin gwiwa da ke fagen daga a Zamfara ko Katsina ko Borno a ajiye mata masu karatun hoto a cikin sansaninta, suna cin abinci tare da masu shiga daji, suna da ikon neman hoto kai tsaye ba tare da takarda ta zaga ofis biyar ba. Hotunan da ba na sirri ba kuma a sake su ga jihohi da jami'o'i. Ambaliyar da ta ci Maiduguri a Satumba 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle, ta isa ta sa mu riƙa duban Tiga da Challawa da garuruwan da ke ƙasansu daga sama duk damina. Ranar da muka wayi gari muna da taurari masu yawa, muna ƙera su a gida, akwai kuma wanda ke barazanar taɓa su, sai a dawo da maganar runduna, ni ma zan sa hannu in ina raye.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka na Abuja ya tambayi DSA da NASRDA, a rubuce: taurari nawa ne a cikin namu ke aiko da hoto yau, yaushe za a harba magadansu, kuma awa nawa ake ɗauka daga lokacin da kwamanda a fagen daga ya nemi hoto zuwa lokacin da zai gan shi. Sanatocinmu uku na Kano da 'yan majalisar wakilai su ma su yi wannan tambaya ranar kare kasafin kuɗi, ku kuma ku buga mana amsar da Hausa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin safiyo,
Gwammaja, Kano.